Allurar kashe wuri da ƙurajen da kan biyo bayanta: tambayoyi da amsoshi

Shekara 11 ke nan ina aikin jinya a ɗakin ɗinki da wankin ciwo na wani asibiti a cikin birnin Kano, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wani ya ce min, "Sista, ni fa allurar nan ba ta karɓa ta" ba. Wani da gaskiyarsa. Mafi yawa kuwa wani abu ne daban ya same su, aka ɗora wa allurar laifi, suka riƙe maganar shekara da shekaru. Ga tambayoyin da aka fi yi min, a wurin aiki da gidan biki da ta waya.

Wace allura ake nufi?

Wadda ake yi a daidai inda za a yi aiki don wurin ya mutu na ɗan lokaci, mutum kuma idonsa biyu. Ita ake yi kafin cire haƙori, da ɗinkin rauni, da kaciya a asibiti, da fasa maruru, da sa robar tazarar haihuwa a dantse, da ɗinkin ƙari bayan haihuwa. Ba ita ce ta sa barci ba, ba kuma allurar ciwon jiki da ake yi a kemis ba ce. Aikinta ta toshe jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, bayan awa ɗaya ko biyu ta saki.

Wadda muka fi amfani da ita a nan ita ce lidoken, wadda wani masani mai suna Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943. Kafin ita furoken ake yayi, wadda Alfred Einhorn ya haɗa a Jamus, aka fara aiki da ita a 1905. Kakarsu duka kuwa, ko da mutane kan yi mamaki in na faɗa, hodar iblis ce: da ita likita Karl Koller ya fara kashe ido don yin aiki a birnin Biyana a 1884.

Da gaske jiki yana iya ƙin ta?

Yana iya, amma abu ne mai wuyar samu. Cikin duk matsalolin da ake cewa allurar ta jawo, waɗanda ke zama alaji na gaske, wato jiki ya ƙi maganin da kansa, idan aka bincika ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ni a shekarun nan da na yi, waɗanda na gani da idona na kuma gamsu cewa maganin ne da kansa, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni ƙirga su.

To ni da na suma a kujerar likitan haƙori fa?

Nan ne gizo ke saƙa. An taɓa kawo mana wani mai walda daga wajen Ƙofar Ruwa, ƙarfe ya tsaga masa tafin hannu. Ina ɗauko kwalbar ya janye hannun ya ce, "Sista, ki ɗinke haka nan, zan daure. Allurar nan ta taɓa kusa kashe ni." Na ce, "Malam, ba ni labari." Ashe shekarun baya ne ya je cire haƙori, bai karya ba, yana ganin tsinin allurar ya ji gumi ya keto masa, idonsa ya yi duhu, sai farkawa ya yi ya ga ana yi masa fifita. Na tambaye shi ko jikinsa ya yi ƙuraje. A'a. Leɓe ko ido ya kumbura? A'a. Numfashi ya sarƙe? Ya ce ko kusa. Likita ya zo ya sake yi masa tambayoyin, muka kwantar da shi a gado maimakon zama, aka yi masa allurar a hankali. Ɗinki takwas aka yi masa yana ba mu labarin Kano Pillars.

Abin da ya same shi a can baya tsoro ne da yunwa: jini ya sauka, ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa isasshe, ya faɗi. Maza majiya ƙarfi sun fi kowa yin haka, kada ma a ji kunya.

Akwai kuma masu cewa gabansu ya yi ta dukan uku-uku, hannu na rawa. Wannan yawanci adirenalin ne, wanda ake haɗawa da lidoken don ya tsuke hanyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin, zubar jini kuma ta ragu. Cikin 'yan mintuna yake lafawa. Na uku shi ne idan maganin ya yi yawa ko ya faɗa cikin jijiyar jini: mutum ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne na ƙara, kewayen baki ya mutu, magana ta harɗe, wani har jijjiga. Wannan haɗari ne na gaske, kuma shi ya sa ake auna yawan maganin da nauyin mutum, amma shi ma ba alaji ba ne. Mutumin zai iya karɓar allurar nan gaba in an kiyaye ƙa'ida.

Yaya alajin gaske yake fitowa a fata?

Iri biyu ne, kuma agogo ne ke raba su.

Na farko mai gaggawa ne, daga 'yan mintuna zuwa awa ɗaya bayan allura. Borin jini ne sosai: fata ta yi taswira-taswira mai tudu, ƙaiƙayi kamar an zuba ƙaiƙayin gero a riga, kuma ba a inda aka yi allurar kaɗai ba, har ciki da baya da cinya. Wani leɓensa da fatar idonsa su kumbura. Idan abin ya tsaya a fata, maganin alaji irin su Piriton kan kwantar da shi. Idan ya gangara maƙogwaro da ƙirji, magana ta canza, zan zo kanta a ƙasa.

Na biyu mai jinkiri ne. Mutum ya koma gida lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku wurin ya kumbura, ya yi ƙanana-ƙananan ƙuraje masu ruwa, yana ƙaiƙayi, yana tsattsafo ruwa, daga baya ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ya fi zuwa daga man shafawa da feshi fiye da allura. Yana da ban haushi, yana iya ɗaukar mako biyu ko fiye, amma ba ya toshe numfashi.

Wani abu da littattafan da muka karanta a makaranta ba su taimake mu a kai ba: duk hotunansu na farar fata ne, suna ta cewa a duba "ja". A jikinmu ba lallai a ga ja ba. Wurin kan yi duhu ne fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, ko launin makuba. Ni da yatsa nake dubawa, in shafa in ji tudu da ɗumi, sannan in nemi a fito da mutum inda hasken rana yake.

Wurin ɗinkina ya yi ƙuraje bayan kwana biyu. Allurar ce?

Kafin a kama allura, a tuna abubuwa nawa suka taɓa wurin a ranar. An wanke shi da aidin ko wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta. An taɓa shi da safar hannu ta roba. An shafa man rauni. An manna filasta. Kowanne cikin waɗannan yana jawo ƙuraje, wasunsu ma sun fi allurar yawan jawowa nesa ba kusa ba.

Siffar ƙurajen kan tona asirin mai laifi. In sun yi murabba'i mai kusurwa huɗu, daidai inda filasta ta kwanta, tsakiyar kuma lafiya, to filasta ce. In sun bi duk inda ruwan wanki ya gangara har da layin da ya zubo gefe, to ruwan ne. Ranar zafi kuma, a watan Afrilu na Kano, gumi kaɗai a ƙarƙashin bandeji ya isa ya fito da ƙuraje.

Sannan a bambance ƙaiƙayi da zogi. Alaji ƙaiƙayi yake yi. Idan wurin zogi yake, ya yi zafi rau, yana fitar da mugunya, ga zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma wannan ba ya jiran ranar cire zare. A koma asibiti a ranar.

Hatta a cikin kwalbar ma ba lidoken ne kaɗai ba. Manyan kwalabe da ake zuƙa sau da yawa galibi suna da sinadarin hana lalacewa, waɗanda ke da adirenalin kuma ana sa musu wani sinadarin don kada ya gurɓace. Akwai wanda jikinsa waɗannan yake ƙi, in aka ba shi lidoken zalla ba abin da zai same shi.

An ce wai baƙin lalle yana da alaƙa da wannan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ita ce tambayar da na fi so matan Kano su karanta.

Jan lalle na gargajiya, wanda ake daka ganye a kwaɓa, da wuya ya cutar da fata. Baƙin da ake zane da shi, wanda ke kamawa cikin rabin awa ya yi baƙi wuluk, sau da yawa dayis ne mai ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, irin na rinin gashi. Shi ne dai a cikin yawancin abin da maza ke rina furfurar kai da gemu. Wannan sinadari yana daga cikin waɗanda suka fi sa fata ta yi tawaye, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya riƙe abin ke nan. Matsalar ita ce ƙirarsa ta yi kama da ta furoken da benzoken, wani maganin kashe wuri da ake sawa a man shafawa, sai jiki ya kasa bambance su.

'Yar yayata aka yi wa ƙunshi ana saura kwana huɗu ɗaurin aure. Ranar kamu hannayenta suka fara ƙaiƙayi, ranar yini kuwa kowace fulawa da aka zana ta tashi ta zama bororo, zanen nan ras a fata kamar an bi shi da wuta. Wata gwaggonmu ta kafe a kan kambun baka ne, ta ce, "Ai na faɗa muku a daina ɗora hotonta a waya." Aka yi magani ya warke, ya bar tabon fulawa wata da watanni. Bayan ta haihu basir ya dame ta, aka sayo mata wani man shafawa a kemis. Kwana biyu sai ga ta a waya tana kuka: "Anti, abin ya fi da, ko zama ba na iya yi." Na ce ta karanto min abin da ke jikin kwalin harafi-harafi. Benzoken ne a ciki. Aka daina, likita ya rubuta mata wani man, ya lafa. Abin lura, ɗinkin da aka yi mata a ɗakin haihuwa da lidoken aka yi, ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba.

Don haka duk wadda baƙin lalle ya taɓa yi wa bororo, da duk wanda rinin gashi ya taɓa kumbura masa fuska, ya faɗa wa likita da mai kemis, ko ba a tambaye shi ba.

Me ya sa lidoken bai taɓa ta ba alhali benzoken ya taɓa ta?

Domin gida biyu ne. Akwai tsohon gida, su furoken da benzoken da tetiraken, waɗanda in jiki ya narkar da su sukan bar wani sinadari da ya yi ƙaurin suna wajen tayar da alaji. Akwai sabon gida, su lidoken da bufibaken da firiloken, waɗanda hanta ke sarrafawa, ba sa barin wancan sinadarin. Wanda ya ƙi ɗan gida ɗaya yakan karɓi ɗan ɗaya gidan lafiya.

Ga dabarar da aka koya mana ta gane su a jikin kwali, tunda da Turanci ake rubutawa. A ƙirga harafin "i" a sunan. Lidocaine, lignocaine, bupivacaine, prilocaine, kowanne yana da biyu ko fiye: sabon gida. Procaine, benzocaine, tetracaine, ɗaya tak: tsohon gida. Lidocaine da lignocaine abu ɗaya ne, Xylocaine kuma sunan kamfani ne na shi dai wannan maganin.

Septrin yana yi min baƙin tabo a leɓe. Zan iya karɓar allurar?

Za ka iya. Septrin da Fansidar ba danginsu ɗaya da lidoken ba. Haka wanda fenisilin ba ta karɓe shi ba. Sai dai a kula da allurar nan ta furoken fenisilin da aka daɗe ana yi a kemis: magani biyu ne a haɗe, in ta taɓa yi maka bori, a bincika wanne ne daga ciki. Ko yaya dai, ka faɗi duk maganin da ya taɓa ba ka matsala.

Ban taɓa yin ɗinki ko cire haƙori ba. Ta ina zan haɗu da waɗannan magunguna?

Ta hanyoyin da ba ka zata ba. Allurar seftiriyazon da ake yawan yi wa masu taifot, idan a tsoka za a yi ta, sau da yawa da ruwan lidoken ake narka ta don rage zafi. Akwai su a wasu mayukan basir, da maganin ɗigawa a kunne, da man ciwon baki, da wasu alewoyin ciwon maƙogwaro, da ruwan santsi da ake sa wa robar fitsari. Akwai su kuma a feshi da man da wasu maza ke saya a ɓoye don jinkirta biyan buƙata. Na ga magidanta da suka sha maganin sanyi kala-kala, su da iyalinsu, alhali feshin ne ke ƙona su duka biyun.

Wannan yana da amfani ta wata fuskar: in an sha yi maka seftiriyazon a tsoka ba abin da ya faru, mai yiwuwa ka riga ka karɓi lidoken ke nan.

Yara fa, musamman wajen kaciya?

Alajin allurar a yara ma abu ne mai wuya. A kaciya lidoken zalla ake amfani da shi, marar adirenalin, kuma gwargwadon nauyin yaro. Kumburin kwana biyun farko na aikin ne.

Man EMLA, wanda ake shafawa kafin huda jijiya, haɗin lidoken ne da firiloken. Yakan sa wurin ya yi fari-fari ko ya yi duhu na ɗan lokaci, wani yaron kuma, musamman mai ƙaiƙayin fata tun asali, ya fito da ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata. Suna ɓacewa da kansu.

Wanda ya fi ba ni tsoro daban ne. Firiloken da benzoken, in suka yi yawa a jikin jariri, suna iya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Yaro ya yi laushi, harshe da cikin leɓe da farce su koma toka-toka ko shuɗi. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a daina shafa wa yara 'yan ƙasa da shekara 2 man benzoken a dasashi don haƙori. Uwa ta wanke hannu ta murza masa dasashin da yatsa, ya fi.

An yi min allurar baya lokacin tiyatar haihuwa, na yi ta susar fuska da hanci. Alaji ne?

Galibi a'a. Bufibaken ake sawa a allurar baya, wani lokaci a haɗa da maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma shi wannan na biyun ne ya shahara da sa ƙaiƙayin fuska ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Yana wucewa. Kada wannan ya sa ki ƙi allurar a haihuwa ta gaba, ki dai ba mai sa barci labarin.

Wurin ya warke amma ya bar tabo. Zai tafi?

Baƙin tabo bayan kumburi halin fatarmu ne, yakan ɗauki watanni kafin ya dusashe. Kada a bi shi da man bilicin, ƙara ɓata wurin yake yi. Idan kuma tabon zagayayye ne, yana sake tashi a wuri ɗaya tak duk lokacin da aka sha ko aka yi wani magani, wannan shaida ce babba, a kai wa likitan fata. Lidoken kan yi haka amma da ƙyar, su Septrin ne gwanayen abin.

Masu tabo mai tudu da ake yi wa allura a cikinsa kuma, in wurin ya yi fari ko ya lotsa, ɗaya maganin da aka haɗa ne ya jawo, ba na kashe wurin ba.

Akwai gwajin da zai raba gardama?

Akwai. Ga mai gaggawa, ana ɗiga maganin a fata a ɗan tsaga, in shiru a sa kaɗan a cikin fata, in shiru a yi ƙaramar allura ana ƙarawa sannu a hankali, duk a wurin da ke da kayan ceto a kusa. Ga mai jinkiri, ana manna maganin a gadon baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Akan jira mako 4 zuwa 6 bayan borin kafin a gwada. A fara da ganin likitan fata a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da takardar turawa daga inda abin ya faru.

Abin da ba na so shi ne "bari a ɗan gwada maka kaɗan mu gani" a shagon kemis ko a ɗaki. Ga mai alajin gaske, kaɗan ɗin ma ya isa.

In numfashi ya fara sarƙewa fa?

Alamomin su ne murya ta dishe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ƙirji na ƙara kamar ana fito, jiri mai tsanani tare da borin jini. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya, nan take. Piriton da sauran su daga baya suke zuwa. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya fi yi masa sauƙi a zaune a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Ba manja, ba madara, ba ɗura ruwa. In a gida ne, a tari a-daidaita-sahu zuwa asibiti mafi kusa, ba sai wanda aka saba zuwa ba.

Saboda wannan ne nake hana mutane tashi da an gama ɗinki. Zaman minti 20 zuwa 30 a benci ba ya rage komai, ko da kuwa mai mashin yana waje yana ta danna ham.

Abin ya riga ya faru da ni. Me zan adana?

Ka nemi a rubuta maka sunan maganin daidai yadda yake a kwalba, da ko yana da adirenalin, da abin da aka wanke wurin da shi. Ka rubuta ƙarfe nawa aka yi allurar, ƙarfe nawa abin ya fara. Ka ɗauki hoton ƙurajen da waya a hasken rana, yau da gobe da jibi, domin ranar da za ka ga likitan fata wataƙila sun baje. In man shafawa ne, kada a jefar da kwalin. Ma'aikacin lafiya zai iya kai rahoto ga NAFDAC, kai ma za ka iya ta manhajar Med Safety.

Sannan a rubuta a bangon katin asibiti, a kuma sa kwafi a jaka ko aljihu. 'Yar yayar tawa a bayan katin awonta na rubuta mata da jan biro: baƙin lalle da benzoken, a'a, lidoken, an yi mata lafiya. Da ta koma haihuwa ta biyu, katin kawai ta miƙa wa ungozoma.